Waƙar Schiller a Bakin Jama'a



Yau maganarmu a kan waƙa guda ce. Marubucin Jamus Friedrich Schiller ya rubuta ta a 1785, waƙar farin ciki da 'yan'uwantakar bil'adama. 

Sai ga mai tsara kiɗa Beethoven. Ya daɗe yana juya waƙar a ransa. A 1824, a birnin Biyana, ya saka ta a ƙarshen babban kiɗansa na tara. Bai ɗauke ta duka ba. Ya zaɓi baitoci, ya sake musu jeri.

Ku saurari dabarar, jama'a. Mawaƙan suna zaune shiru, kayan kiɗa kaɗai ke aiki har kashi uku na kiɗan su wuce. Sannan karin ya taso a hankali, ƙasa-ƙasa, daga manyan goge. Namiji ɗaya ya ɗaga murya. 'Yan amshi suka karɓa, maza da mata, har zauren ya cika. Waƙar tana kiran mutane su zama ɗaya, kuma ga muryoyi sun zama ɗaya a gaban idonka. Wannan ne ya sa nake ganin Beethoven ya yi wa waƙar adalci.

Kuma a lokacin ya kurumce. Ya haɗa abin da kunnensa ba zai ji ba.

Yau karin nan shi ne taken Tarayyar Turai, amma ba kalmomi. Ku nemi asalin, mai muryoyi, ku saurara har ƙarshe.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.