DARASI DAGA 'YAN AIKATAU NA ƘASAR FILIFIN



Yau za mu ɗan leƙa nesa, mu dubi matan Filifin masu aikatau a gidajen mutane a Hong Kong. Baƙi ne, neman abinci ya fitar da su daga gida, kamar dai yadda ya fitar da mu.

A 1982 shugabansu Marcos ya kafa dokar da ta tilasta wa kowace mai aikatau aika rabin albashinta gida ta bankin ƙasarsu. Wadda ta ƙi, ba za a sabunta mata fasfo ba. To jama'a, mu 'yan kasuwa mun san ciwon wannan: kai ka yi gumi, wani ya tsara maka yadda za ka yi da kuɗinka.

Matan nan kowace tana kulle a gidan ubangidanta, ran Lahadi kawai suke hutu. Sai suka mai da Lahadin ranar haɗuwa a tsakiyar gari, su shimfiɗa kwali su zauna, kowa ta faɗi kukanta. A 1984 ƙananan ƙungiyoyinsu suka haɗe kai a kan wannan magana ɗaya. A 1985 gwamnati ta janye hukuncin. Kuma ba su watse ba, suka riƙe haɗakar da sunan UNIFIL. A 1986 aka buɗe Bethune House, masaukin wadda aka kora ba ta da wurin kwana.

Haka kuma a 1995, da aka rataye Flor Contemplacion a Singafo, hayaniyar da ta tashi ta sa majalisarsu ta yi dokar kare ma'aikatansu na ƙetare a wannan shekarar.

To ina muka tsaya mu? In aka kama ɗan'uwanmu, ko aka tashe mu daga rumfa, sai a yi ta guje-guje ana neman karo-karo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙo, kowa ya riƙa biyan kuɗin wata, a halarci taro, a rubuta sunan duk baƙon da ya sauka. Kuma yaran da ke aikatau a gidajenmu, mu ji tsoron Allah mu biya su haƙƙinsu a kan kari.

Allah ya haɗa kanmu, ya mai da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.