Jawabin Sakataren Gidauniya: Horar da Shugabannin Kwamitoci kan Mutunta Mai Karɓa

  

Alƙaluman shekara suna cikin rahoton da ke hannunku. Mu kuwa za mu fara da wani kuskure namu. A rabon da ya gabata mun tara jama'a a harabar wani masallaci, ana kiran suna da lasifika, ana ɗaukar hoto. Wani dattijo da sunansa ke cikin takardarmu bai zo ba. Daga baya liman ya shaida mana cewa tsohon ɗan kasuwa ne da jarinsa ya karye, kuma surukinsa na cikin masu rabon. Ya gwammace ya kwana da yunwa da a kira sunansa a gaban suruki. Lissafinmu ya cika, amma haƙƙin bawan Allah bai isa gare shi ba.

Wannan ne ya sa muka sake tsarin bitar da muke yi wa shugabannin kwamitoci. A da fiƙihu kaɗai muke koyarwa: nisabin zinariya giram 85, fitar da kashi 2.5 cikin 100, da rukunoni takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba. Yanzu mun ƙara darussa biyu.

Na farko shi ne fahimtar abin da ke ran mutum. Masana a Amurka sun zurfafa bincike a kansa, kuma littafin Daniel Goleman na 1995 ya yayata shi. Mu ma muna da tushensa. Aya ta 273 a Suratul Baƙara ta yi bayanin mabukatan da kamun kai ke sa a zace su mawadata, waɗanda sai da alama ake gane su. Hausawa kuma sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen bita mukan sa shugaba ya zauna a matsayin mai karɓa, a yi masa irin tambayoyin da yakan yi wa wasu, ya ji zafinsu. Mukan koya masa ya riƙe fushinsa idan mabukaci ya ɗaga murya, domin yunwa ce ke magana.

Na biyu shi ne sanin al'adar mutanen da ake yi wa aiki. Zakkar shanu tana farawa daga 30, amma ba a tambayar Bafulatani yawan garkensa a bainar jama'a. Ta hannun arɗo ake bi, a keɓe. Matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma ba za ta zo layi ba. Mata 'yan'uwanta ne za su shiga su kai mata. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu bn Jabal Yaman, sai da ya sanar da shi irin mutanen da zai tarar, ya hana shi zaɓe mafi kyawun dukiyarsu, ya tsoratar da shi addu'ar wanda aka zalunta.

Saboda haka mun daina kiran suna da lasifika, mun daina ɗaukar hoton fuskar mai karɓa. Muna roƙon kowane kwamiti ya sanya mata a cikinsa, a kuma riƙa kai wa masu jin nauyi rabonsu gida cikin sirri.

Iyayenmu masu bayarwa, mun san wasunku da hoto suke samun natsuwa cewa dukiyarsu ta isa. Haƙƙinku ne ku tabbatar. A madadinsa za mu ba ku takardun shaidar karɓa da rahoton masu binciken kuɗi, kuma ƙofar ofishinmu a buɗe take ga mai son dubawa. Muna neman ku yi mana wannan uzuri domin mutuncin 'yan'uwanku.

Dattijon nan kuwa, liman ya kai masa rabonsa bayan sallar isha'i. Mun nemi afuwarsa, ya kuma yafe.

Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya sanya albarka a abin da ya rage. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.