Kuɗi Sun Shiga Fili: Ina Daɗin Tamola Ya Tafi?

 

Malamaina, iyayen ƙungiya, shugabanni, da ku ƴan uwa matasa da kuka taso daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da sauran garuruwa, ina gaishe ku, sannunku da hanya. Da aka ce mini in yi magana a wannan zama, na ce zan yi ta a kan ƙwallon ƙafa, sai wani dattijo ya dube ni ya ce: "Duk matsalolin da ke gabanmu, tamola ka gani?" Na ce mishi: "Baba, ka leƙa fada ranar Asabar da dare ka ji hirar da ake yi." Abin da ya cinye ma matashi darensa da kuɗin aljihunsa ya cancanci a zauna a yi maganarsa.

Bari in fara da tambaya. Mene ne daɗin ƙwallo? Ni dai na taso da ƙwallon tsumma, a ɗaure da zare, takalmi biyu su ne raga, alƙalin wasa kuwa wanda ya fi kowa baki. Ba mu da komai, amma sai an biyo mu da tsumagiya muke barin fili. Da na girma na yi tunani, sai na ga daɗin nan ƙafa biyu gare shi. Ta farko, ba wanda ya san wanda zai ci. Ta biyu, ƙungiyar taka ce: unguwarku, garinku, ƙasarku. Ku riƙe waɗannan biyun, domin a kansu duk maganata za ta tsaya.

In kuna son shaida, ku tuna watan Oktoba na 2010 a filin Janar Seyni Kountché. Misira ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka sau 3 a jere, 2006 da 2008 da 2010. Mena ta doke ta ɗaya da nema, Moussa Maazou ya jefa ƙwallon. Bayan shekara guda, a wasan ƙarshe, Misira ta rama mana 3 da nema a Alƙahira. Ƴan wasan Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki da Saliyo, suka hau rawa a fili, sun zaci sun wuce, ashe ba su karanta doka da kyau ba: mu ne muka wuce. Haka Nijar ta je kofin Afirka karon farko a 2012, kuma Harouna Doula ya zama gwarzon masu horaswa na Afirka na 2011. Waɗanda suke da wayo a lokacin, ku faɗa ma ƙannenku yadda garuruwanmu suka kwana. Ba a biya kowa ko dala ba don ya fito titi.

To, yanzu mu duba yadda kuɗi, masu gidan rana, suka shiga fili.

Ta ƙofa uku suka shigo. Ta farko tele ce. A 1992 manyan ƙungiyoyin Ingila suka ware suka kafa gasar Firimiya, don su riƙa saida haƙƙin nuna wasanninsu da kansu. Cinikin farko ya kama fam miliyon 304 na shekara 5. Wanda ya fara aiki a 2025 kuwa fam miliyar 6 da miliyon 700 ne na shekara 4, kuma na cikin gida kawai ke nan, ban da abin da sauran duniya ke biya. Mu ma muna cikin masu biyan. Dala ashirin ɗin da kake bayarwa a ƙofar gidan kallo, mai gidan ya biya kuɗin tasha da ita, tashar ta biya masu gasa, har ta isa aljihun ɗan wasan da bai san akwai wani gari Tasawa ba.

Ƙofa ta biyu kotu ce. A 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman: wanda yarjejeniyarsa ta ƙare yana iya tafiya kyauta, kuma aka ɗage iyakar da ake sa ma ƴan wasan ƙasashen tarayyar. Hukuncin ya ƴanta ƴan wasa, wannan gaskiya ne. Amma daga nan ƙungiyar da ta fi kuɗi ta samu damar kwashe gwanayen kowa.

Ƙofa ta uku attajirai ne da gwamnatoci. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003. Masu kuɗin Abu Dabi suka sayi Manchester City a 2008, na Katar suka sayi Paris Saint-Germain a 2011, asusun gwamnatin Saudiya ya shiga Newcastle a 2021. A 2017 PSG ta biya Barcelona euro miliyon 222 don Neymar shi kaɗai. Da kuɗinmu, sefa miliyar 145 ne har da ɗori. Ma'aikacin da ke ɗaukar jika 100 a wata, sai ya yi aiki sama da shekara 120,000, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara su.

Kada ku ce na zo zagin kuɗi. Kuɗi sun gyara filaye, sun kawo likitoci, sun sa ɗan talaka ya fidda danginsa daga wahala da ƙafarsa. Sadio Mané ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali, a Senegal. Frédéric Kanouté na Mali, yana Sevilla, ya sa kuɗinsa a 2007 ya sayi ginin wani masallaci da ake shirin rufewa. Ɗan wasa ma'aikaci ne, shekarun aikinsa kaɗan ne, rauni guda na iya gama shi. Haƙƙinsa ne a biya shi. Tambayata ɗaya ce: me kuɗin suka yi ma ƙafafun nan biyu na daɗin ƙwallo?

Mu ɗauki ta farko, rashin sanin wanda zai ci. A 1986 Steaua ta Romaniya ta ɗauki kofin zakarun Turai. A 1991 Red Star ta Belgrad ta ɗauka. Amma tun da Porto ta Fotugal ta ci a 2004, kofin nan bai sake fita daga ƙasashe biyar masu kuɗi ba: Ingila, Spaniya, Italiya, Jamus da Faransa. Juventus ta ci gasar Italiya sau 9 a jere, daga 2012 zuwa 2020. Bayern ta ci ta Jamus sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023. Wasan da ka san ƙarshensa tun ba a busa usur ba, ina daɗinsa? Shi ya sa da Leicester ta ci Firimiya a 2016, duniya duka ta yi murna, har waɗanda ba su taɓa jin sunan garin ba. Murnar nan ƙishirwa ce ta nuna.

Wani lokacin ma ba ƴan wasa kaɗai ake saye ba, har sakamakon. Marseille, wadda da yawa cikin yayyenmu suka so saboda Abedi Pele, an ƙwace mata kofin Faransa na 1993 saboda an ba ƴan wasan Valenciennes toshiyar baki. Juventus an maida ta rukuni na biyu a 2006 saboda badaƙalar alƙalan wasa. A 2015 ƴan sanda suka kama manyan jami'an FIFA a wani otel na Zurik bisa zargin cin hanci.

Ƙafa ta biyu, cewa ƙungiyar taka ce. A watan Afrilu na 2021 manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da wata gasa tasu, Super League, wadda ba za a taɓa fidda su daga cikinta ba ko da sun sha kashi kullum. Magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana 3 shirin ya watse. Me ya ba su ƙarfi? Kakanninsu ne suka kafa ƙungiyoyin, a unguwanninsu filayen suke. Mu fa? Na ga abokai biyu, tare suka taso, sun yi wata guda ba sa gaisawa a kan Real da Barça. Ka tambayi ɗayansu sunan ƴan wasa uku na Dan Kassawa ko Jangorzo, ko Espoir ta Damagaram, ko Sahel da Olympic na Yamai, sai ya yi ta sosa ƙeya. Mun san albashin Mbappé, ba mu san ranar da ƙungiyar garinmu ke wasa ba. Can su magoya baya ne. Nan mu masu saye ne kawai.

Yanzu na zo inda ya fi damuna, kuma don shi na karɓi wannan magana: caca. Ku lura da kyau. Kuɗin sama sun rage mana daɗin rashin sani, sai ga wasu sun zo suna saida mana wani rashin sanin ta salula. A cikin unguwarmu akwai wani ƙanena, ba na ciki ɗaya ba, ɗan kabu-kabu. Yaro ne mai son ƙwallo, in ƙungiyarsa ta ci har raba shayi yake yi. Ya fara da dala ashirin, ya ci jika 5 sau ɗaya, shi ke nan. Wata rana muna kallo tare, ƙungiyar da yake so tun yana ƙarami ta ci 3 da nema, kowa na tsalle, shi ya dafe kai. Na ce lafiya? Ya ce: "Yaya, 2 na sa." Ƙungiyarsa ta ci, shi yana baƙin ciki. Kafin shekara ta zagayo, babur ɗin da ba nashi ba ya shiga jingina, sai da dangi suka taru. Yau ya daina, alhamdu lillahi, amma ya ce mini har yanzu bai iya kallon wasa zuciyarsa kwance.

Ku da kuka yi lakol, ku yi lissafin. In ka haɗa wasa 10 a takarda guda, kowane wasa ko a ci ko a faɗi daidai wa daida, damarka 1 ce cikin 1,024. Ko da kai gwani ne, kana dacewa sau 7 cikin 10 a kowane wasa, damar takardar duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. Kuma mai gidan caca ya riga ya cire ribarsa cikin farashin tun kafin a take ƙwallo. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Hukuncin caca a addininmu ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, malamai na zaune za su yi bayaninsa fiye da ni. Ni abin da nake ƙarawa shi ne: ko a can inda aka halatta ta, sun ji jiki. An dakatar da Ivan Toney wata 8, an dakatar da Sandro Tonali wata 10, duka a 2023, saboda caca. A shekarar kuma ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire tallar caca daga gaban rigunansu. Kanouté tun tuni ya taɓa rufe irin wannan tallar da ke ƙirjin rigarsa a Sevilla.

Akwai wani tarkon kuma, na masu mafarkin zama ƴan wasa. Mutum zai zo da kati da hotuna, ya ce shi dillali ne, a ba shi miliyon 2 ya kai yaro Turai gwaji. A saida gona, a saida bisashe, yaro ya ƙare a tashar wata ƙasa ba takarda ba kuɗin komowa. Ku sani, dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan. Kuma ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Wanda ya ce ka biya, kai ne hajar.

To, me za mu yi? Ba mu iya hana Katar sayen ƙungiya. Amma abu huɗu na hannunmu.

Na ɗaya, wanda ke da manhajar caca a salularsa ya goge ta yau, kafin ya bar wurin nan. Wanda ya kasa shi kaɗai ya samu ɗan uwa da ya yarda da shi ya faɗa mishi. Mu kuma kada mu yi mishi dariya, mu rufa asirinsa.

Na biyu, ku yi kallo, ba wanda ya hana. Amma a tashi in an kira salla, kuma a rabu da gaba a kan mutanen da in an busa tashi suke musayar riga suna rungumar juna.

Na uku, ko sau ɗaya a wata, ku je filin garinku ku biya kuɗin ƙofa. Dala ashirin ɗin nan a Landan ba a san ta shigo ba. A nan tana sayen ruwan da ƴan wasa za su sha.

Na huɗu, ku buga da ƙafarku. Kowane reshe na ƙungiyar nan ya shirya gasar unguwanni a babban hutu, kofi ko na roba ne, ba caca, ba hayar ƴan wasa daga wani gari, ba zagin alƙali. Ku sa ƙananan yara a gaba. Ranar da ƴan unguwar da kowa ya raina suka fidda masu sabbin riguna, za ku ji ihun da muka ji a 2010.

Ni dai in kun shirya, ku kira ni. Gudu ya ƙare mini, amma ina iya riƙe usur.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah ya tsare mana matasanmu, ya sa albarka a abin da muke nema, ya maida kowa gidansa lafiya.