Salsalar Alƙaluman Hasashen Yanayi

A watan Satumba na 2019 masana yanayi na Faransa suka tara 'yan jarida a birnin Paris, suka shaida musu cewa muddin aka ci gaba da ƙona kwal da man fetur ba kama hannun yaro, kafin shekarar 2100 zafin duniya zai iya ɗara na gabanin zamanin masana'antu da digiri 6 zuwa 7. Wannan ya wuce abin da suka ƙiyasta a 2012 da kimanin digiri ɗaya. Babban dalilin bambancin shi ne tsarin lissafin da suke aunawa da shi ya sake.

Shi wannan tsari dogon rubutu ne na umarni da ake bai wa kwamfuta. Na Cibiyar Pierre-Simon Laplace da ke Paris, watau IPSL, haɗin gambiza ne: LMDZ yana lissafin iska da gajimare, NEMO yana kula da teku, ORCHIDEE kuma da ƙasa da tsirrai. Mutane da yawa ke sa masa hannu, wannan ya gyara yadda gajimare ke haɗuwa, wancan ya taɓa yadda ganye ke fitar da ruwa. A wannan sana'a kuwa babu ƙaramin gyara. Tun 1961 Edward Lorenz na Amurka ya gajarta 0.506127 zuwa 0.506, sai na'urarsa ta haifar masa da wani yanayi dabam.

Saboda haka ake ajiye tarihin kowane gyara: wa ya yi shi, yaushe, don me. Almajirin da ya taɓa kwafar littafi da hannu, ya rubuta sunansa da ranar gamawa a ƙarshe, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shekaru da dama masanan IPSL sun dogara da wata manhaja mai suna Subversion. Daga baya wasu sassan aikin suka koma Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Wani ɓangare na wannan rubutu yana ajiye ne kimanin kilomita 400 daga Paris, a wata cibiyar kwamfutoci da ke Villeurbanne, gefen birnin Lyon, wadda ke can tun 1986 don hidimar masu binciken ƙwayar zarra.

To, ina ruwan manomin Maraɗi ko Katsina da wannan? Masu hasashen amfanin gero da dawa ba sa ƙirƙiro ruwan sama da kansu, daga irin wannan tsari suke ɗebo shi. Shirin ISIMIP, wanda ake gudanarwa daga Potsdam ta Jamus don auna illar canjin yanayi, ya yi aiki da IPSL-CM5A, daga baya ya koma IPSL-CM6A. Rahoto biyu na iya sauka kan teburin jami'in ma'aikatar gona, kowanne yana cewa daga Paris alƙalumansa suka fito, alhali kuwa ba uwa ɗaya ta haife su ba. Abin takaici, lambar da za ta raba gardamar galibi a can ƙasan shafi take, da ƙananan baƙaƙe.

Yanzu kowane kundin sakamako yana ɗauke da ranar fitowarsa, akwai kuma rajistar kurakurai a intanet inda cibiyoyi ke sanar da abin da suka gyara ko suka janye. Sai dai rajistar ba ta bin mutum gida. Wanda ya sauke kundi bara, bai koma ya duba ba, da shi zai ci gaba da lissafin damina.