Dutse A Kalle Shi, Kada A Daka Shi

 Ina gaida mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, da duk ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima. Wadda ke tsakiyar aiki ta ci gaba da aikinta, aron kunne kawai nake nema.

Yau zancenmu na duwatsu ne. Na san wata za ta ce, mu da ba mu fita, ina ruwanmu da dutse? To ai shi dutsen ke iske mu har ɗaka. Yaro ya dawo daga kiwo da shi cikin aljihu. Maigida ya dawo daga ci-rani a Zamfara ko Jado ko Mali da shi ƙunshe a leda, ya ce ki ajiye masa. Daga nan kuwa abin da zai faru da dutsen nan a hannunki yake.

Kwanakin baya ƙanen maigidana ya dawo daga Mali da wani dutse kore mai duhu, launinsa kamar miyar kuka, ya fito sanda-sanda kamar an jera tsinkayen ashana, yana ƙyalli kamar kwalba. Matarsa ta kawo mini shi da murnarta, ta ce: "Yaya, an ce zumurrudu ne, wasu kuma sun ce akwai zinari a ciki. Zan sa shi a turmi mu gani." Na ce ta dakata. Aka nuna wa wani da ya karanci ilimin duwatsu, ya ce ba zumurrudu ba ne, babu kuma alamar zinari. Sunansa efidot.

Wani masani Bafaranshe, Rene Hauy, shi ya raɗa masa wannan suna a 1801. Ƙarfen da ke cikinsa shi ke ba shi launin kore, kuma in ƙarfen ya yi yawa sai ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. Yana da tauri, wuƙa ba ta kartarsa da sauƙi, shi kuwa yana iya kartar kwalba. Yana samuwa ne inda zafi da nauyin ƙasa suka gasa dutse, ko inda ruwan zafi ya bi ta tsagar dutse ya bar shi a ciki. A Afirka ta Yamma, wanda ya fi suna shi ne na yankin Kayes a Mali, inda yakan fito manne da wani dutsen mai koren haske, dunƙule-dunƙule kamar 'ya'yan inabi. Ana samun masu kyau kuma a Pakistan da Ostiriya.

To me ake yi da shi? Akwai mutane a duniya da ke tara duwatsu don sha'awa, kamar yadda muke jeren kwanoni da tasoshi a ɗaka. A garin Tuson na Amurka har babbar kasuwar duwatsu ake ci kowace shekara. Abin da mai saye ke dubawa abu uku ne: launi da ƙyalli, sannan ko sandunan sun fito lafiya kansu bai karye ba, sannan ko an san inda aka samo shi. Kun ga ke nan da 'yar'uwar nan ta sa shi a turmi, da ɗan darajar da yake da ita ta tafi a bugun farko. Ku riƙe wannan kuma: yawancin efidot ba ya da tsada. Kada wani ya zo da koren dutse ya ce ki sayar da akuyarki ko 'yan kunnenki ki saya, wai za ki ci riba. Ba duk kore ne zumurrudu ba.

Mu a nan ba ƙasar efidot ba ce, kuma akwai dalili. Masana sun gano cewa wannan yanki namu ƙarƙashin teku yake a da can, fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce bisa ƙiyasinsu. Duwatsunmu laka ce da yashi da suka kwanta a gindin ruwa suka daskare, ba su sha irin gashin da ke haifar da efidot ba. Amma muna da abin da waɗansu ba su da shi. A littattafan ilimin duwatsu akwai shimfiɗun ƙasa da aka sa wa sunayen garuruwanmu: akwai ta Wurno, da ta Taloka, da ta Dukamaje, da ta Dange, da ta Kalambaina wadda ake yin siminti da farin dutsenta. A cikin irin waɗannan shimfiɗu ake samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kunkuru da na kada waɗanda suka rikiɗe suka zama dutse. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku, dangin damo da guza, wanda ya ƙare a duniya. A 1972 masana daga Italiya suka sa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Ko'ina ake karanta tarihin waɗannan dabbobi, sai an ambaci Goronyo.

Saboda haka in ɗanki ya kawo miki dutse, kada ki yi saurin cewa ya fitar miki da shara. Ki karɓa ki duba tare da shi, ga kuma gwajin da za ki iya yi kina zaune a tsakar gidanki. Ki karta da farce. In farce ya ci shi, kuma yana ɓarewa falle-falle yana ƙyalli, wataƙila jibsin ne, wanda ake sawa cikin siminti. Ki ɗiga masa ruwan lemun tsami. In kin ga ƙananan kumfa na tashi, farin dutsen siminti ne ko danginsa. In kuwa wuƙa ta kasa kartarsa, to dutse ne mai tauri. In ya yi kama da haƙori ko gaɓar ƙashi ko katantanwa, ki ajiye shi da kyau, maigida ko malamin makarantar yaron na iya nuna wa malaman sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ajiyar ba ta da wuya. Ki wanke shi da ruwa da tsohon burushi, amma jibsin ba ya son jiƙo, goge shi kawai. Ki naɗe kowane ɗaya daban cikin auduga ko tsumma don kada su karci juna, ki sa a gwangwani mai marfi. Ki sa a rubuta 'yar takarda, da boko ko da ajami: ina aka tsince shi, wace rana, wa ya tsinto. Wannan takarda rabin darajar dutsen ce. Ki ɗora gwangwanin sama, inda mai rarrafe ba zai kai ba, don kada ya sa a baki. Da halin da dazuzzukanmu ke ciki na rashin tsaro, kada a aiki yaro nesa neman dutse. Abin da ya tsinta a hanyar gona ko bakin gari ya isa.

Yanzu ga babbar maganar, ku saurara da kyau. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara ƙanana suka riƙa mutuwa. Sai amai, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Da ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya suka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce. Maza na kawo dutsen zinari gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, sau da yawa mata ne ke aikin, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi hannun yara. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Waɗannan iyaye ba mugunta suka yi ba, neman na tuwo suke, ba su san abin da ke cikin dutsen ba.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta cika gyaruwa ba. Tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Shi efidot ba dutsen dalma ba ne, amma ido ba zai gaya miki abin da ke haɗe da kowane dutse ba. Ko kwallin dutse da muke sawa, mai nauyin nan mai ƙyallin azurfa, yawancinsa dutsen dalma ne, don haka a nisanta shi da idon jinjiri.

To 'yar'uwa, in maigida ya kawo buhun dutse ya ce a daka masa, ki gaya masa cikin ladabi da lalama: "Maigida, don Allah a yi wannan aiki can wajen gari, saboda yara." Ki ba shi labarin Bagega. In yana aikin haƙa, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, kayan aikin kuma a wanke su daban. In an taɓa dakan dutse a gidanki, kuma yaro na fama da ciwon ciki ko amai ko jijjiga, a kai shi asibiti, a gaya wa likita an daka dutse a gidan.

Shi kuwa koren dutsen nan, yana nan cikin gwangwaninsa da takardarsa. In yara sun taru akan fito da shi su kalla, sannan kowa ya wanke hannu a mayar.