Idan Hadari Ya Taso a Tsakiyar Teku

A watan Agustan 1979 ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska guda 303 suka shiga gasar Fastnet, tsakanin Ingila da Ailan. Guguwa ta same su cikin dare, matuƙa 15 suka rasa rayukansu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, an gudu an bar jirage 24, amma 5 kacal suka nutse. Wasu da suka koma kwale-kwalen ceto na roba, a can ajali ya riske su, alhali jirginsu yana nan bisa ruwa. Muddin jirgi bai nutse ba, zama cikinsa ya fi.

Gogaggen matuƙi ba ya jiran iska ta kankama. Da ya ga gari ya yi baƙi, sai ya rage ƙyallen jirgi, ya rufe ƙofofi, ya ɗaure kansa da igiya, kowa ya sa rigar ceto. Kuma ba ya yarda igiyar ruwa ta bugi jirgi ta gefe, don nan ne ake kifewa.