KIWO YA FI SAYE: LACCA A KAN CINIKIN 'YAN WASA A MANCHESTER UNITED

  

Maganar yau ta ƙwallon ƙafa ce, wadda iyayenmu suke kira tamaula. Kada wani ya ce me ya haɗa ɗan kasuwa da tamaula. Ciniki ne ya haɗa su. A ƙasar Ingila ana cinikin ɗan wasa da tayi da albarka da la'adar dillali, kamar dai yadda ake cinikin sa a kara. Kuma da yawa a cikinku kuna cire kuɗin guminku ku biya gidan kallo, ku sayi riga mai lamba a baya. Wanda ya ba da kuɗinsa kuwa yana da ikon ya tambayi inda suka shiga. Zan ɗauki kulob guda, watau Manchester United, mu buɗe littafin cinikinsa mu duba tare.

MANAJA DA MUTANENSA

A watan Afrilu 2022 ne aka ba da sanarwar cewa Erik ten Hag, mutumin Holan, manajan kulob ɗin Ajax, shi zai riƙe Manchester United. To, ku ƙirga tare da ni waɗanda aka sayo a zamaninsa.

A 2022 aka sayo Lisandro Martinez daga Ajax. Aka sayo Antony daga Ajax. Aka ɗauki Christian Eriksen, shi ma tsohon ɗan wasan Ajax ne. Aka sayo Tyrell Malacia daga Feyenoord, duk a Holan. A farkon 2023 aka aro Wout Weghorst, mutumin Holan. Da damina ta wannan shekara aka sayo gola Andre Onana ɗan Kamaru, wanda ya tsare wa ten Hag gida a Ajax, aka kuma aro Sofyan Amrabat ɗan Maroko, wanda ya yi masa wasa a Utrecht. A 2024 aka sayo Matthijs de Ligt da Noussair Mazraoui daga Bayern ta Jamus, su biyun yaransa ne a Ajax.

Jama'a, duniya duka ana buga ƙwallo. Kulob ɗin yana da ma'aikata da ake biya albashi don su zaga ƙasashe su gano 'yan wasa. Amma duk sa'ad da aka tashi saye, sai a koma rumfa ɗaya. Wannan shi muke kira sanayya.

Ban ce duk wanda ya zo ta wannan hanya ragon banza ba ne. Martinez ya yi aiki sa'ad da yake da lafiya. Mazraoui ya zo da araha, ya kuwa yi abin da aka sa shi. Manaja ya nemi wanda ya san halinsa ba laifi ba ne, mu ma a kasuwa mun fi sakin jiki da yaron da muka sani. Laifin yana wurin da babu mai ce wa manaja, tsaya, wannan kuɗi ya yi yawa.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ga misali. Ajax ta sayi Antony daga Sao Paulo ta ƙasar Barazil a 2020, kuɗin farko bai cika Yuro miliyan 16 ba. A watan Agusta 2022 Manchester United ta fara kakar wasa da kunya: Brighton ta ci ta 2 da 1, Brentford ta ci ta 4 ba ko ɗaya. Hankalin masu kulob ya tashi. Kowa a nan ya san abin da mai kaya yake yi in ya ga mai saye ya matsu, ga aljihu cike, ga kasuwa tana shirin tashi. Ran 1 ga Satumba, ranar da ake rufe kasuwar 'yan wasa, aka kammala cinikin Antony a kan Yuro miliyan 95, da alkawarin ƙarin miliyan 5.

Me aka samu? Wasa 96, ƙwallo 12. A Janairu 2025 aka ba Real Betis ta Sifen aronsa, a Satumba kuma aka sallama mata shi a kan abin da bai kai sulusin kuɗin da aka sayo shi ba. Yaron bai sa wa kansa farashi ba, kuma da ya je Sifen ya nuna yana da ƙafa. Waɗanda suka yi tayi su za a tambaya.

Haka Onana. A 2022 ya bar Ajax wa'adinsa ya ƙare, Inter ta Italiya ta ɗauke shi ba ta biya Ajax ko anini ba. Bayan shekara guda Manchester United ta biya Inter wajen Yuro miliyan 50 a kansa. A Satumba 2025 aka ba Trabzonspor ta Turkiyya aronsa. Wane ɗan kasuwa ne zai yi irin wannan ciniki sau biyu bai karye ba?

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Kada ku ɗora wa ten Hag kayan duka. Cutar ta girme shi. David Moyes da ya zo a 2013, Marouane Fellaini ya ɗauko daga tsohon kulob ɗinsa Everton, a kan fam miliyan 27 da rabi, shi ma a ranar rufe kasuwa. Louis van Gaal ya kawo Daley Blind da Memphis Depay, waɗanda ya riƙe a ƙungiyar ƙasar Holan, da Bastian Schweinsteiger da ya sani a Bayern. Jose Mourinho ya kawo Zlatan Ibrahimovic da Nemanja Matic, mutanensa na Inter da Chelsea.

Daga Moyes, sai van Gaal, sai Mourinho, sai Solskjaer, sai ten Hag, ba ko ɗaya da ya cika shekara 3 a kan kujera. Ɗan wasa kuwa sau da yawa yarjejeniyar shekara 4 ko 5 ake ba shi. Watau manaja ya tafi, mutanensa suna nan suna karɓar albashi, sabon manaja ya zo ya ce ba su dace da tsarinsa ba, a sayo masa nasa. Kowane zuwa sai a rushe gini a sake haƙa harsashi.

Wa ya bari haka ta faru? Masu kulob. A 2005 gidan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United a kan wajen fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance ne, aka kuma ɗora bashin a wuyan kulob ɗin da a da ba a binsa. Har 2025 ba a gama biyan wannan bashi ba. Da Alex Ferguson ya yi murabus a 2013, sai ragamar ta koma hannun Ed Woodward, tsohon ma'aikacin banki, wanda yana cikin waɗanda suka shirya wa gidan Glazer wancan ciniki. Sai a 2021 ne kulob ɗin ya fara naɗa darektan harkar ƙwallo. Shekara 8 ke nan ana ciniki na miliyoyi ba tsayayyen masani a tsakanin manaja da asusu.

ABIN DA GIDAN YA GADA

To, jama'a, abin takaicin shi ne wannan gida da kiwo aka san shi. Matt Busby ya karɓi kulob ɗin a 1945, shi da mataimakinsa Jimmy Murphy suka duƙufa a kan tarbiyyar yara. Da aka ƙirƙiro kofin matasa na Ingila, su suka ci na farko har sau biyar a jere, daga 1953 zuwa 1957. Yaran nan suka girma suka ci gasar ƙasa a 1956 da 1957. Ran 6 ga Fabrairu 1958 jirginsu ya faɗi a Munik ta Jamus, mutum 23 suka rasu, 8 daga ciki 'yan wasa ne. Busby ya tashi daga gadon asibiti ya sake shuka. Bayan shekara 10, a 1968, suka ci kofin Turai, suka doke Benfica 4 da 1. A cikin mutum 11 da suka buga ran nan, 8 renon gida ne, kuma Bobby Charlton da George Best da Brian Kidd da suka ci ƙwallayen duk 'yan gida ne.

Ferguson ma wannan hanya ya bi. A 1995 ya sallami manya uku, Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis, ya ba yara fili: David Beckham, Paul Scholes, Nicky Butt, Gary Neville da ƙanensa Phil, ga kuma Ryan Giggs da ya riga su shiga. Aka yi ta yi masa dariya. A 1996 suka ci gasar ƙasa da kofin FA, a 1999 suka haɗa kofi uku har da na Turai. Tun daga Oktoba 1937 ba a fita wasa ba tare da renon gida a cikin jerin 'yan wasa ba, har aka cika wasa 4,000 a jere a Disamba 2019.

Ko a zamanin ten Hag, wa ya fitar da shi kunya? Ran 25 ga Mayu 2024, a wasan ƙarshe na kofin FA, aka doke Manchester City 2 da 1. Alejandro Garnacho da Kobbie Mainoo suka ci, kowannensu shekararsa 19. Mainoo a Stockport aka haife shi, kusa da Manchester, iyayensa mutanen Gana ne, tun yana ɗan ƙarami yake gidan. Garnacho yana da shekara 16 aka ɗauko shi daga Atletico Madrid da kuɗin da bai kai fam rabin miliyan ba. Su biyun suna cikin yaran da suka ci kofin matasa a 2022. A ba ten Hag haƙƙinsa, shi ya ba su dama. Amma ku duba Ajax ɗin da ya yi suna da ita, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin Turai a 2019: de Ligt da Mazraoui renonta ne. Manchester United ta je tana sayen amfanin gonar wani da tsada, alhali tata gonar tana nan.

DON ME AKE SAYAR DA ƊAN GIDA

Yanzu ku kasa kunne, 'yan kasuwa, wannan lissafinku ne. Bisa dokar da gasar Firimiya ta yi aiki da ita a waɗancan shekaru, kulob ba shi da izinin yin hasarar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara 3. In ka sayi ɗan wasa fam miliyan 80 a kan yarjejeniyar shekara 5, akawu ba ya rubuta 80 gaba ɗaya, sai ya raba, miliyan 16 kowace shekara. In kuwa ka sayar da yaron da ka rena, ba uwar kuɗi a kansa, don haka duk abin da aka biya riba ce tsantsa, kuma nan take ake rubuta ta. Kun ga ke nan, hanya mafi sauƙi ta rufe ramin da baƙo ya haƙa ita ce a kai ɗan gida kasuwa.

A 2023 aka sayar da Anthony Elanga ga Nottingham Forest fam miliyan 15. Bayan shekara 2 Newcastle ta saye shi fiye da fam miliyan 50. A 2024 aka sayar da Scott McTominay, wanda ya shiga gidan yana da shekara 5, ga Napoli a kan wajen fam miliyan 25. Kafin shekara ta zagayo ya ci gasar Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. A 2025 Garnacho ya koma Chelsea a kan fam miliyan 40. A kakar 2024 zuwa 2025 kuwa Manchester United ta ƙare ta 15 a cikin kulob 20.

WA YA BIYA?

A Yuli 2024 aka ƙara wa ten Hag wa'adi, ran 28 ga Oktoba aka kore shi. Sallamarsa da ta mataimakansa ta ci fiye da fam miliyan 10. Darektan wasanni Dan Ashworth wata 5 ya yi aka sallame shi, ita ma ta ci wajen fam miliyan 4. Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi fiye da rubu'in kulob ɗin a Fabrairu 2024, ya ce dole a tsuke bakin aljihu. A ina aka tsuke? Ma'aikata 250 aka sallama a 2024, a 2025 aka ba da sanarwar rage wasu har wajen 200. Aka soke abincin rana na kyauta da ake ba ma'aikata. A ƙarshen 2024 aka mai da tikitin 'yan kulob na sauran wasannin kakar fam 66, aka cire rangwamen yara da tsofaffi. Manya suka yi ɓarna, aka kai wa ƙanana takardar biya. Ko a nan kun taɓa jin irin wannan labari? Na ji amsarku.

Amma talakan Manchester bai naɗe hannu ba. Tun 2005 waɗansu magoya baya suka ware suka kafa nasu kulob, FC United of Manchester, inda kowane memba yake da ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, gobe in kun ji an sayo sabon ɗan wasa, kafin ku yi tafi ku tambaya: wa ya kawo shi, nawa aka biya, kuma wane yaron gida za a tura benci ko kasuwa saboda shi? Ku kuma da kuke riƙe da kulob na unguwa, ko asusun ƙungiyar kasuwa, kada ku bar saye da biya a hannun mutum ɗaya, komai kirkinsa. A karanta lissafi a gaban kowa. Ku kula da yaran da ke hannunku, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda kuka rena shi zai tsaya muku ranar da baƙo ya ɗauki jakarsa.

 Allah ya ba da kasuwa.